Taron tsintsiya ba shara: abin da ke ceton sakandaren gwamnati a manyan biranen Amurka

A shekarar 1982 ɗalibai 18 na makarantar sakandaren Garfield da ke gabashin Los Angeles suka ci jarrabawar lissafin kalkulas, wanda darasi ne na shekarar farko ta jami'a. Akasarinsu 'ya'yan talakawa ne 'yan asalin Meziko, kuma makarantar tasu 'yan shekaru kafin nan saura ƙiris hukuma ta janye amincewarta da ita saboda lalacewa. Masu shirya jarrabawar suka ce akwai lauje cikin naɗi, suka zargi 14 daga cikin yaran da satar amsa. Yara 12 suka yarda su sake zama, kuma dukkansu suka sake ci. Malaminsu Jaime Escalante, mutumin Boliviya, sunansa ya zaga duniya, har yau kuma da shi ake buga misali idan ana zancen abin da malami ɗaya zai iya yi.

Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne Henry Gradillas, shugaban makarantar daga 1981. Shi ya rage ajujuwan lissafin jeka-na-yi-ka da ake tura yaran da aka yanke ƙauna da su, ya tilasta musu koyon aljabara. Shi ya ce duk ɗalibin da makinsa ya gaza matsakaici babu shi babu wasanni da ƙungiyoyin makaranta. Shi ya tsaya wa Escalante lokacin da ake kai ƙararsa, ya bar shi ya shimfiɗa hanyar da yaro zai bi tun daga ƙaramar sakandare har ya iso kalkulas. Gradillas ya bar kujerar a 1987. Escalante ya rasa shugabancin sashen lissafi a 1990, ya tattara kayansa ya bar makarantar a 1991, kuma cikin 'yan shekaru adadin masu cin jarrabawar ya faɗi warwas. Ginin yana nan, unguwar tana nan, yaran irinsu ɗaya ne, sunan shirin ma yana nan a takarda.

Duk lokacin da na ga wata makarantar gwamnati ta cikin birni tana tallar kanta, Gradillas nake tunawa. Za ka ga jerin shirye-shirye kamar ba za su ƙare ba: darussan share fagen jami'a, sashen kimiyya da fasaha, sashen koyon aikin jinya, haɗin gwiwa da wani kamfani, ƙungiyar mutum-mutumi, kwamfuta ga kowane ɗalibi. Ban raina ko ɗaya ba. Sai dai hujjar da ta taru cikin shekara arba'in ta gamsar da ni cewa yawan shirye-shirye ba ya gaya maka komai game da makaranta. Abin da ke gaya maka shi ne wa ke riƙe da ita, shekara nawa ya yi a kujerar, kuma me ya sani game da yaran da suka shigo bana.

Kafin a ɗora wa kowa laifi, ya kamata a san irin kayan da ke kan wannan makaranta. A Amurka babbar sakandare aji huɗu ce, daga na 9 zuwa na 12, yaro ya shiga yana ɗan shekara 14. Kuɗin tafiyar da ita galibi daga jiha da harajin gidajen yankin suke fitowa, gwamnatin tarayya ba ta cika ba da fiye da kashi 10 cikin ɗari ba. Ke nan unguwar da gidajenta ke da tsada tana iya tara wa makarantarta kuɗi ba tare da ta ji a jikinta ba. A 1973 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da wasu iyaye daga San Antonio suka shigar kan wannan magana, alƙalai biyar cikin tara suka ce kundin tsarin mulkin tarayya bai sa ilimi cikin haƙƙoƙi na asali ba. Shekara guda bayan haka, a shari'ar Detroit, kotun ta toshe hanyar haɗa yaran cikin gari da na unguwannin masu hali na bayan gari a makarantu ɗaya. Ga kuma makarantun da ake shiga da jarrabawa, waɗanda ke tsince yaran da suka fi ƙoƙari tun kafin a buɗe ƙofa. Abin da ya rage shi ne rabon makarantar unguwa, wadda ba ta da ikon cewa kowa a'a: wanda ya zo ƙasar jiya bai iya Turanci ba, wanda iyayensa suka sauya gida sau uku a shekara, wanda karatunsa bai wuce na ɗan firamare ba, duk nata ne. A 2004 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins, ciki har da Robert Balfanz, suka ƙirga makarantu wajen 2,000 da 'yan ajin ƙarshensu ba su wuce kashi 60 na waɗanda suka shiga aji na 9 ba, suka kuma nuna cewa kusan rabin masu barin karatu a duk ƙasar daga nan suke fitowa.

An zuba kuɗi, kada wani ya ce ba a zuba ba. Gwamnatin Obama ta kashe wajen dala biliyan 7 a shirin farfaɗo da makarantun da suka fi kowa faɗuwa. Sharaɗin karɓar kuɗin kuwa, a yawancin zaɓin da aka bayar, shi ne a cire shugaban makarantar, a wani zaɓin har da rabin malamai. A watan Janairun 2017, ana saura kwanaki gwamnatin ta sauka, binciken da ma'aikatar ilimi da kanta ta sa aka yi ya fito: babu wani bambanci na a-zo-a-gani a makin jarrabawa, ko yawan masu kammalawa, ko masu shiga jami'a. A 2010 Mark Zuckerberg mai Facebook ya ba makarantun Newark dala miliyan 100, iyayen garin a talabijin suka ji labari, kuma har yau ana musu a kan abin da kuɗin suka saya. Gidauniyar Gates ta sa kusan dala biliyan 2 a aikin datsa manyan makarantu su koma ƙanana, sannan a 2009 Bill Gates da kansa ya amsa cewa da yawa daga cikinsu ba su ɗaga ƙoƙarin ɗalibai ba.

Wani abin lura a wannan na ƙarshe shi ne a New York dabarar ta yi aiki. An buɗe ƙananan makarantu sama da 200 daga 2002, kuma da yake ta hanyar ƙuri'a ake shiga da yawansu, an samu damar kwatanta wanda ƙuri'a ta faɗa masa da wanda ba ta faɗa masa ba. Yawan masu kammalawa ya fi na sauran da wajen kashi 9 cikin ɗari. Me ya bambanta su? Ba a ɗauki tsohuwar makaranta an raba ta da bango an liƙa sababbin sunaye ba. Sabon shugaba ne ya zo da tsarinsa, ya ɗauki malamansa, ya fara da aji na 9 kaɗai, yara wajen ɗari, waɗanda zai iya sanin sunan kowannensu kafin zangon farko ya ƙare.

Wannan ya kawo ni Shikago, inda nake ganin darasin ya fi fitowa fili. A 1987 ministan ilimi na lokacin, William Bennett, ya ce makarantun birnin su ne mafi lalacewa a ƙasar. A 2005 masu bincike biyu na Jami'ar Shikago, Elaine Allensworth da John Easton, suka fito da wani ma'auni mai sauƙi har kamar raini. Idan yaro ya gama aji na 9 ya ci darussa biyar na cikakkiyar shekara, kuma a duk shekarar bai faɗi fiye da darasi ɗaya na zango ɗaya ba cikin manyan darussa, wato Turanci, lissafi, kimiyya da nazarin zamantakewa, to yana kan hanya. In ba haka ba ya sauka daga hanya. Da suka bi sawun yaran sai suka ga wanda ke kan hanya ya fi wanda ya sauka damar kammala sakandare fiye da ninki uku.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ma'aunin ya fi makin da yaro ya shigo da shi faɗin gaskiya. Yaron da ya zo da maki na ƙasa amma ya tsallake shekarar farko lafiya ya fi damar kammalawa a kan haziƙin da ya zo da maki na sama ya yi tuntuɓe. Da suka ƙara tonawa a 2007 sai suka ga abin da ke kayar da yara ba wuyar darasi ba ne a mafi yawan lokaci, fashi ne. Yaro ya baro makarantar da ya yi shekara takwas ko tara cikinta, inda kowa ya san shi, ya faɗo ginin da ke da ɗalibai dubu biyu da malamai bakwai a rana, babu wanda ya lura ko ya zo ko bai zo ba. Fashin da ba uzuri yakan ninka kusan sau huɗu tsakanin aji na 8 da na 9. Ya yi fashin mako biyu, aljabara ta wuce shi, kunya ta hana shi tambaya, ya ƙara wani fashin. Kafin Disamba ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba ɗan karatu ba ne. Takardar barinsa makaranta sai yana aji na 11 za a rubuta ta, amma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Daga 2007 hukumar ilimin birnin ta mayar da wannan ma'auni abin aiki. Ta riƙa aika wa kowace makaranta jerin sunaye, ba jimillar lamba ba: ga wane da wance, ga kwanakin da suka yi fashi, ga darasin da suke shirin faɗi. Ba ta ce ga shiri ɗaya kowa ya bi ba. Wasu shugabannin suka haɗa malaman aji na 9 su riƙa zama tare a kai a kai suna bin sunayen ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka sa a riƙa kiran gida a waya ranar da yaro bai zo ba, ba ƙarshen zango ba. Wasu suka ware lokacin da yaro zai biya aikin da ya tsere masa. Tsakanin 2007 da 2013 yawan 'yan aji na 9 da ke kan hanya ya tashi daga kashi 57 zuwa 82, kuma yawan masu kammalawa ya biyo baya har ya haura kashi 80. Ba a gina sabon gini don wannan ba, ba a kira attajiri ya yi jawabi ba.

A nan ne aikin shugaban makaranta yake, kuma wurin da ake ganinsa ba shi da kwarjini ko kaɗan: jadawalin darussa. A makarantu da yawa tsohon malami da ya ƙware shi ke zaɓen ajinsa, ya ɗauki 'yan ajin ƙarshe masu shirin jami'a, su ashirin, masu ladabi. Sabon malamin da ya fito horo jiya kuma a jefa masa aljabarar aji na 9, yara talatin da biyar, darasin farko da safe. Shugaban da ya juya wannan tsari, ya ce gwanin malamansa shi zai koyar da sababbin shiga, ya kuma tsara jadawali yadda malaman ajin za su samu sa'a guda tare, ya yi wa makarantar abin da shiri goma ba za su yi ba. Amma zai ɓata da mutane. Zai kuma buƙaci malaman su yarda da shi, yarda kuwa ba a samunta a zango ɗaya.

To ga matsalar. Binciken da ƙungiyar shugabannin sakandare ta Amurka ta haɗa hannu aka fitar a 2019 ya nuna matsakaicin zaman shugaba a makaranta ɗaya wajen shekara huɗu ne, kuma a makarantun talakawa kusan ɗaya cikin biyar ke barin kujera kowace shekara. Yaron da ya shiga aji na 9 zai yi wuya wanda ya karɓe shi ya zama shi zai miƙa masa takardar kammalawa. Kowane sabon shugaba da shirinsa yake zuwa, domin da shi zai nuna ya zo. Malamai kuwa sun ga jiya sun ga yau, sai su gyaɗa kai a taro, su koma aji su rufe ƙofa, su jira wannan ma ya wuce. Ban ga laifinsu ba sosai. Wanda aka sa tufka da warwara sau biyar, a na shida hannunsa zai yi sanyi.

Na san abin da mai karatu mai kaifin ido zai ce, kuma yana da gaskiya: lamba ai ana iya dafa ta. Idan ka ce wa malami ana ƙirga yaran da ya kayar, hanya mafi sauƙi ita ce ya daina kayar da kowa. An kuwa yi. A 2017 makarantar Ballou da ke kudu maso gabashin Washinton, ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi talauci a babban birnin, ta cika kafafen labarai saboda duk ɗaliban ajin ƙarshenta sun samu gurbi a kwaleji ko jami'a. Kafin shekarar ta ƙare gidajen rediyon NPR da WAMU suka duba rajista, suka gano rabin waɗanda aka yaye sun yi fashin sama da wata uku ba uzuri, ɗaya cikin biyar kuma kwanakin da bai zo ba sun fi waɗanda ya zo. Alhali doka ta ce wanda ya yi fashi 30 a darasi ya faɗi. Malamai suka ce matsa musu aka yi su ba da maki. Da aka binciki birnin gaba ɗaya sai aka ga kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka yaye a wannan shekara an saɓa ƙa'ida wajen ba su takarda, da yawa ta hanyar gajerun kwasa-kwasan cike giɓi da ake yi a gurguje. A Atlanta abin ya fi haka muni, ko da yake galibi a firamare da ƙaramar sakandare ne: binciken jiha na 2011 ya ambaci malamai da shugabanni 178 a makarantu 44 da hannu a gyara amsoshin jarrabawa, kuma a 2015 kotu ta samu 11 da laifi. Shugabar hukumar ilimin birnin, Beverly Hall, shekara biyu kafin rahoton aka ba ta kambun gwarzuwar shekara ta ƙasa.

Waɗannan mutane ba da niyyar cuta suka shiga aikin koyarwa ba. Dokar ilimi da George W. Bush ya sa wa hannu a 2002 ta ce kafin 2014 kowane yaro, ɗari bisa ɗari, sai ya kai matakin ƙwarewa, abin da babu ƙasar da ta taɓa yi. A Washinton kuma lokacin abin Ballou shugabannin makarantu kwantiragin shekara ɗaya-ɗaya ake ba su. Ka ce wa mutum ya kawo lamba a watan Yuni ko ya nemi wani aiki, lambar zai kawo maka, ko daga ina. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan hukuma ce ta tsaga bangon da hannunta.

Me ya sa nake ganin na Shikago daban ne? Dalili biyu. Na farko, masu binciken sun koma sun duba. Da makin bogi aka raba, da yaran sun zube a aji na 10 ko na 11, da kuma makin jarrabawar shiga jami'a ta ACT, wadda malaman makarantar ba su ke yin makinta ba, ya faɗi tunda yanzu raunana da yawa sun kai ga zaunawa. Yaran ba su zube ba, makin bai faɗi ba. Na biyu, lambar Ballou a ƙarshen hanya take, lokacin da babu abin da ya rage sai a sa hannu ko a ƙi. Ta Shikago a watan Oktoba take zuwa da sunan yaro a jikinta, lokacin da waya ɗaya zuwa ga mahaifiyarsa za ta iya sauya labarin. Ɗaya fitila ce, ɗaya bulala. Ba na cewa babu malamin Shikago da ya taɓa ɗaga maki don a bar shi ya huta, kuma da hukuma ta sa ma'aunin cikin abin da ake auna makarantu da shi haɗarin ya ƙaru. Shi ya sa dole a riƙa haɗa shi da awon da ba ya hannun makarantar.

Akwai kuma wani abu a Shikago da ba a cika haɗa shi da wannan labari ba. Tun dokar 1988 yawancin makarantun birnin suna da majalisarsu, wadda iyaye suka fi kowa yawan kujeru a ciki, kuma ita ke ɗaukar shugaba ta ba shi kwantiragin shekara huɗu. Tsarin yana da nasa rigingimu, wasu majalisun ma da ƙyar ake samun masu tsayawa takara. Duk da haka shekara huɗu daidai take da tafiyar yaro daga shiga zuwa fita, kuma mutumin da ya san yana nan har ranar yaye yana iya ɗaukar matakin da ba zai yi farin jini ba a shekarar farko.

Kada a ɗauka ina kiran a nemo jarumi. Amurkawa suna son labarin shugaba mai zafi, irin Joe Clark na makarantar Eastside da ke Paterson a jihar New Jersey, wanda ke yawo a farfajiya da lasifika da kulkin wasan ƙwallo, ya kori ɗalibai wajen 300 a shekararsa ta farko, ya hau bangon mujallar Time a 1988. Farfajiyar ta yi tsit, ba musu. Amma korar yaro ba ta warware matsalarsa, mayar da ita titi take yi, kuma a 1991 jiha ta karɓe ragamar makarantun garin saboda gazawa. Kowa zai iya gyara sakamakon makaranta idan an bar shi ya zaɓi wanda zai ƙirga.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, ba ni kuma da cikakkiyar amsarsa. Za a ce talauci ne tushen abin, kai kana maganar jadawali. Gaskiya ne. Shugaban makaranta ba ya biya wa iyali kuɗin haya, ba ya hana harbe-harbe a kan hanyar da yaro ke bi. Bayan annobar korona yawan ɗaliban da ke fashin kashi 10 na kwanakin makaranta, wato wajen kwana 18 a shekara, ya tashi daga kusan kashi 15 zuwa kusan 30 a faɗin ƙasar, a Detroit ya wuce kashi 70 a shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022. Babu jerin sunayen da zai iya da wannan shi kaɗai. Takardar kammalawa ma ba ita ce ilimi ba: yara da yawa da Shikago ta riƙe har ƙarshe sun fita da karatun da bai kai na shiga jami'a ba tare da gyara ba. Abin da kawai zan ce shi ne makarantu biyu a unguwanni masu talauci iri ɗaya sukan fitar da sakamako mabambanta, kuma wannan tazara ita ce filin da ke hannun makaranta. Wanda ya ce a jira talauci ya ƙare tukuna ya sallama yaran da ke aji yau.

Raunin karatun ma akwai inda aka tunkare shi ba tare da an sayo wani shiri ba. Makarantar Brockton da ke kudu da Boston a da tana da ɗalibai wajen 4,000, wato duk abin da masu ra'ayin ƙananan makarantu suka ce ba zai gyaru ba. A jarrabawar jiha ta 1998 kashi 44 na ɗalibanta suka faɗi Turanci, kashi 75 suka faɗi lissafi. Wasu malamai, cikinsu da malamar tarihi Susan Szachowicz wadda ita ma tsohuwar ɗalibar makarantar ce, suka riƙa haɗuwa ranar Asabar, suka tsayar da abu guda: kowane malami, har na motsa jiki, sai ya koyar da karatu da rubutu a darasinsa, da tsari iri ɗaya da ma'aunin maki iri ɗaya. Wasu malaman sun ƙi, aka yi ta fama da su. Szachowicz ta zama shugabar makarantar, ta riƙe wannan abu guda shekara da shekaru ba ta sake shi ba, har makarantar ta zama wurin da ake zuwa daga wasu jihohi a ga yadda aka yi.

Ta yi ritaya wajen 2012. A 2023 aka gano giɓin miliyoyin dala a kasafin makarantun garin, an kuma rage malamai da yawa, har ya zama ana tara yara a ɗakin cin abinci saboda babu mai shiga ajinsu. A watan Fabrairun 2024 mambobi huɗu na kwamitin ilimin garin suka rubuta takarda suna roƙon a turo dakarun tsaron jiha cikin makarantar, saboda faɗace-faɗace da yaran da ke yawo a farfajiya lokacin darasi. Gwamnar jihar ba ta turo su ba.